Bin Marar Lafiya Har Gida: Darasi Ga Hakimai Da Magatakardansu

Duk malamin asibitin da ya daɗe a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san waɗansu fuskoki. Su ne mutanen da akan kawo ranga-ranga cikin dare, a yi musu allura da ƙarin ruwa, a sallame su, bayan mako uku a sake kawo su da ciwon nan dai. Galibinsu masu amosanin jini ne, watau sikila, da masu hawan jini, da masu ciwon suga, da masu fuka, da yaran da tamowa ta kama. Ba su da yawa, amma su ke cika gadaje, kuma kowace tafiya sai an sayar da akuya ko buhun masara.

A ƙasarmu al'amarin ya fi tsanani. Kowa ya tuna yadda aka kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 1442 ta Hijira, 2020 ta Miladiyya, ya kuma san abin da ƙauyukan Faskari da Sabuwa suka sha a hannun 'yan bindiga. Mutumin da ciwo ya kayar da tsakar dare, ɗauke shi zuwa babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa shiga hatsari biyu ne. Saboda haka abin da ya kamata shi ne a riga ciwon zuwa gidan, da rana tsaka.

Wannan dabara an jarraba ta a wurare. A birnin Fort Worth na Amurka, ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya suka lura mutane kaɗan ne ke yawan kiransu. A 2009 suka soma zuwa gidajen mutanen nan tun ba a kira su ba, suna auna jininsu, suna duba ko sun sha magani. Kiran ya ragu. Mu ba mu da motoci irin nasu, amma shiga gida ba baƙon abu ba ne gare mu. Dattawa sun tuna da duba-gari na zamanin En'e, wanda yakan leƙa randa da masai. Bambancin kawai, shi tara yake ci, wannan kuwa magani yake kawowa.

Ma'aikatan ma akwai su. Akwai malaman lafiya na ƙananan asibitoci, akwai matan da suka bi gida gida a yaƙi da shan inna. A watan Fabrairu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya, domin horar da mutanen unguwa su riƙa ziyartar gidaje. Tun 2013 kuma ake raba maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a Jihar Katsina ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, kowane wata na damina, ƙofa ƙofa. Abin da ya rage shi ne mai ziyara ya san gidan da ya fi bukatarsa.

To, me zai yi in ya shiga? Mai hawan jini za a auna shi; in awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma ya tsaya haka, a tura shi asibiti. Sa'an nan a ƙirga ƙwayoyin da suka rage, gama da yawa suna daina sha da zarar kai ya bar ciwo, sai shanyewar ɓarin jiki ta same su. Mai sikila a tuna wa uwarsa sanyin hunturu da ƙishirwa da zazzaɓi su ke tayar da ciwon: a lulluɓe shi, ya sha ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro. Yaro a ɗaura masa tsirin awo a damtse. In ya faɗa ja, watau ƙasa da santimita 11.5, kada a jira gobe. Mai ciki kuwa, in fuska da hannuwa sun kumbura, kai na sarawa, ido na gani dishi-dishi, jijjiga ce ke tafe.

Ga wurin da hakimi ya shigo, ranku ya daɗe. Malamin asibiti ya san fuska, amma mai unguwa shi ya san ƙofa. Ya kyautu kowane magatakarda ya zauna da shugaban asibitin gundumarsa su buɗe littafi, a rubuta duk wanda aka kai cikin gaggawa sau uku ko fiye a wata shida: sunansa, unguwarsa, wanda ke jinyarsa, da ranar ziyara. Wanda rikici ya koro daga ƙauye ya sauka gidan dangi, a rubuta shi a inda yake kwana yanzu, domin irinsu su suka fi ɓacewa. Kada a rubuta kowa sai da yardarsa, kada kuma a karanta littafin nan a zauren fada. Ciwo asiri ne, kuma ran da farfaɗiyar wata budurwa ta zama zancen kasuwa, ran nan za a rufe wa ma'aikata ƙofa.

Abu biyu kuma sai da bakin sarauta suke yiwuwa. Na fari, izinin maigida. Magidanta da yawa na tafiya cin rani, su bar mata ba su da ikon fita ko karɓar baƙo. Dagaci ya nemi kowa ya furta izini gaban liman kafin ya tafi. Inda aka rubuta "ba shiga", mace za a aika. Na biyu, mota. An taɓa horar da direbobin ƙungiyar tasha a Katsina su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda, an kuwa ga amfaninsa. Kowace unguwa ta tsayar da direba ɗaya ko mai babur, a tara kuɗin mai a hannun amintacce, a rubuta lambar wayarsa a shafin farko na littafin.