Horon Natsuwa Domin Masu Fama da Rashin Barci

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, mutane da yawa sun saba barci da ido ɗaya. Har a daren da gari ya kwana lafiya, jiki ba ya yarda ya sauka daga gadi. Idan rashin barci ya kai dare uku a mako har wata uku, yana kuma hana mutum aikinsa da rana, likitoci suna ɗaukarsa ciwo ne mai bukatar kulawa.

Ga yadda ciwon yake kama mutum. Da farko tsoro ne yake hana barci. Daga baya sai tsoron rashin barcin kansa ya karɓi aikin: mutum yana kwance yana lissafin awoyi, zuciya tana bugawa. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne. Ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da ake dakonsa.

Horon natsuwa yana koya wa mutum ya daina wannan dako. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya soma koyar da shi ga majiyyata a Jami'ar Massachusetts ta Amurka. A 2014 Jason Ong da abokan aikinsa suka gwada shi kan mutum 54 masu wannan ciwo, aka ga lokacin da suke kwance ido biyu ya ragu da kimanin minti 40. Asalin horon daga addinin Buddha ne, amma a asibiti ba ibada ba ne, ba ya kuma maye gurbin addu'ar dare.

Na farko, ka zauna minti goma kowace rana, hankalinka yana bin shigar numfashi da fitarsa. In tunani ya ɗauke ka, ka gane shi, ka komo ba tare da faɗa da kanka ba.

Na biyu, kada ka kwanta sai barci ya zo sosai. Gajiya dabam, jin barci dabam.

Na uku, in ka daɗe a kwance ido biyu, ka tashi ka zauna shiru cikin ɗan haske, sai ka ji barci ka koma.

Na huɗu, ka riƙa tashi lokaci guda kowace safiya, ka kuma bar goro da shayi tun daga azahar.

Wannan aiki na makonni ne, yana son haƙuri. Kada ka sayi ƙwayar barci a kemis ba da izinin likita ba, gama tana kama jiki. Wanda mugayen mafarkai ko baƙin ciki mai nauyi suke damunsa, ya je asibiti.

Allah ya ba mu kwana lafiya.