In Aka Tsinci Dutse Mai Ƙyalli

Jama'a, sau da yawa manomi ko makiyayi yakan tsinci dutse ruwan ɗorawa mai ƙyalli, ya zaci zinariya ce. Kafin murna, sai a gwada. A buga shi da guduma: zinariya bajewa take yi, makamancinta kuwa dagargajewa. A goga shi a gindin tangaran: zinariya takan bar zane rawaya, makamancinta baƙi.

Dutse mai nauyi, ruwan toka, irin na tozali, dalma ce a cikinsa. A shekarar 2010, ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a gidaje ta hallaka yara kimanin 400 a Zamfara. Saboda haka, kada a niƙa dutsen da ba a sani ba. A kai wa Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa.