Darasi: Yadda Ake Bi Ta Filin Jirgin Sama Na Landan

Mutanen Muchia sun saba da ƙugin jirgin sama. Ƙananan jiragen nan da ke shawagi bisa Sabon Gari da Samaru na kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ne ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Amma ganin jirgi daban, shigarsa daban. Yanzu akwai 'ya'yanmu da suka gama Jami'ar Ahmadu Bello suka tafi Ingila karatu ko aikin asibiti. In an yi haihuwa, sai su aiko wa tsohuwa da tikiti. To, yaya za ta yi in ta sauka?

Babban filin jirgin sama na Landan sunansa Heathrow. Haka ake rubuta shi, amma “Hitiro” ake faɗa. Ku dubi haruffan da kyau, don haka za ku gan su a tikiti. An buɗe shi ga fasinjoji a 1946. Yana yamma da tsakiyar birnin, nisan kilomita 23 ko kusa da haka. A 2024 mutum fiye da miliyan 80 suka bi ta cikinsa. A irin wannan cunkoso babu ɗan kamasho mai kiran “Kano! Kano!” kamar a tashar mota. Alluna ne ke magana, da lambobi, da launi.

Daga Abuja jirgi yana kai wa Landan cikin awa shida da ɗan wani abu. Wanda ya tashi daga Kano yakan sauya jirgi a wata ƙasa, kamar Masar ko Habasha. Filin na Landan yana da tashoshi huɗu: 2, 3, 4 da 5. Kada ka nemi ta 1, an rufe ta a 2015. Ka gaya wa mai tarbarka lambar tasharka tun kana gida, domin tsakanin wasu tashoshin sai an hau jirgin ƙasa ko bas.

In ka fito daga jirgi, bi allo mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa Arrivals, wato masu isowa. Zai kai ka wurin jami'an shige da fice. Fasfo da takardun biza su kasance a hannunka, ba cikin akwati ba. Za su iya tambayarka wurin wa ka zo, ina za ka sauka, yaushe za ka koma. Rubuta adireshi da lambar wayar ɗanka a takarda da hannunka. Waya tana iya mutuwa, takarda ba ta neman caji. In ba ka ji Turanci ba, kada ka yi ta gyaɗa kai. Ka ce Hausa kake ji, a nemo tafinta.

Daga nan sai ɗaukar akwati, sai kwastan. A nan mutanenmu suka fi yin asara. Hanya biyu ce: kore ga wanda ba shi da abin bayyanawa, ja ga mai abin bayyanawa. Dokar Ingila ta hana matafiyi daga Nijeriya shiga da nama da kayan madara. Ke nan kilishi, dambun nama da man shanu duk ba su shiga. Abin da ciwo, domin su ne tsarabar da yaro ke marmari, amma ƙwacewa za a yi. Gara a bar su a gida a ci. Kuɗi kuma in sun kai fam 10,000 sai an bayyana.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne saƙo. Kada ka karɓi ƙulli ko jaka daga wanda ba ka sani ba. Ko na ɗan unguwa ne, a buɗe a gabanka ka ga abin da ke ciki. In aka sami ƙwaya a kayanka, kai za a kama, “saƙo ne” ba ya fid da mutum.

Tsoho ko marar lafiya yana iya neman keken guragu da mai tura shi, kyauta. A gaya wa kamfanin jirgi aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Akwai kuma ɗakin ibada a kowace tasha, mutum ya yi sallarsa.

Ranar komowa lambobi ne za su yi maka jagora. Babban allo yana nuna lambar jirgi, da lokaci, da ƙofar shiga, wadda ake rubutawa Gate. Ƙofar na iya zama harafi da lamba, kamar B36. Agogonsu na awa 24 ne. In lambar ta wuce 12, sai ka ɗebe 12. Misali 14:30 ƙarfe biyu da rabi ne na rana. A lura kuma, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Landan yana bayan namu da awa ɗaya. Sauran watanni daidai muke.

Ga aikin da za ku kawo aji: jirgin Hajiya zai tashi 22:15, an ce ta iso fili awa uku kafin nan. Ƙarfe nawa za ta iso?