Darasin Adabi: Sai An San Tsohon Wasa Kafin A Karanta Sabo?

Sau da yawa marubuci yakan ɗauko tsohon wasan kwaikwayo na wata ƙasa, ya sāke masa riga, ya mai da shi na mutanensa. Tambayar da ɗalibai kan yi ita ce: tilas ne a san na asali kafin a karanta sabon? Wasan Ola Rotimi mai suna The Gods Are Not to Blame ya isa misali.

Asalin labarin daga ƙasar Girka yake. Wani mawallafi mai suna Sofokilis ne ya tsara shi fiye da shekara 2,400 da suka wuce. A cikinsa an yi duba cewa jaririn sarki, Odifus, zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Aka ba wani bawa shi ya jefar a daji, bawan ya ji tausayi ya ba wani makiyayi. Yaro ya girma a wani gari bai san iyayensa ba. Wata rana a mararraba ya yi faɗa da wani dattijo a kan wa zai kauce wa wani, ya kashe shi. Ashe ubansa ne. Daga baya aka naɗa shi sarki, ya auri matar marigayin. Da asiri ya tonu, uwar ta kashe kanta, shi kuma ya tsiyaye idanunsa.

Rotimi ya kawo labarin ƙasar Yarbawa, garin Kutuje. Odifus ya zama Odewale, sarki ya zama Adetusa, sarauniya Ojuola. Wanda bai taɓa jin sunan Girka ba zai karanta wasan daga farko har ƙarshe, ya fahimta, ya ji tausayi. Saboda haka sanin na asali ba tilas ba ne.

Amma wanda ya san shi yana da wata riba, domin shi ne zai lura da inda aka canja. A wasan Rotimi ba a kan hanya aka yi rikici ba, a kan gona aka yi. Kuma abin da ya tunzura Odewale shi ne dattijon ya yi wa harshensa da ƙabilarsa ba'a. An fara nuna wasan a Ife a 1968, lokacin da Nijeriya ke cikin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da mai karatu ya ajiye wasannin biyu gefe da gefe, zai gane saƙon: mutumin da Odewale ya kashe a matsayin baƙon ƙabila, jininsa ne. Wanda bai san tsohon ba yana iya zaton haka labarin yake tun fil azal.

Shawara ga malaman aji ita ce, kada rashin tsohon littafi ya hana karatu. A fara da wanda yake hannu. Bayan an gama, malami ya ba da tsohon labarin da baki a taƙaice, ɗalibai su zaƙulo bambancin da kansu.

Tambayoyi:
1. Mene ne ya haddasa faɗa a wasan Sofokilis, mene ne kuma a na Rotimi?
2. Me ya sa Rotimi ya zaɓi gona da ƙabila?
3. Wace tatsuniya ce aka sani a ƙauyenku wadda ake ba da ita daban a wani gari?