Yadda Ɗalibi Zai Ci Moriyar Littafin Ilimin Gadon Halitta

Gyaɗar da ake matsa a kamfanonin Bompai, da fatun da ake jemewa a Challawa da Sharaɗa, duk ingancinsu yana farawa ne daga iri. Irin da manomi ya shuka shi ke nuna yawan man da injin zai fitar, jinsin akuya kuma shi ke nuna laushin fata da ƙarfinta. Saboda haka ɗalibin noma ko likitanci ko kimiyyar halittu da ya zo koyon aiki a waɗannan masana'antu yana da babban abokin aiki a cikin jakarsa, wato littafin ilimin gadon halitta na jami'a. Sai dai da yawa hadda suke yi masa, su zubar da shi bayan jarrabawa. Littafin nan na aiki ne da fensir da takarda. Ga yadda ake cin moriyarsa.

Mataki na 1: Zaɓi littafin da ya dace

Kafin ka saya ko ka ara a ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, buɗe ƙarshen kowane babi. In babu tambayoyin gwaji masu yawa, da amsoshinsu a bayan littafin, nemi wani. Tsohon bugu ya isa ga dokokin Mendel, domin ba su canza ba tun da ya wallafa su a 1866. Amma a babin DNA nemi sabon bugu, domin dabarar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR sai a 2012 ta bayyana. Takardun da malami ke rabawa taƙaitawa ce, ba za su maye gurbin littafi ba.

Mataki na 2: Bi babi-babi, kada ka tsallaka

Fara da rabuwar ƙwayar halitta. Zana yadda kuromosom 46 na ɗan Adam ke komawa 23 a maniyyi da ƙwan mace, har ka iya zanawa ba tare da duba littafi ba. Daga nan ka shiga Mendel, sai halayen da ake gada a haɗe, sai tsarin DNA da Watson da Crick suka bayyana a 1953, sai gado a cikin al'umma. Wanda ya tsallake rabuwar ƙwayar halitta zai yi ta haddar rabon 3 da 1 na Mendel bai san inda ya fito ba.

Mataki na 3: Warware tambayoyi kafin ka duba amsa

Nan ne ribar littafin take. Fara da misalin da kowane gida ya sani, wato sikila. Zana jadawalin Punnett mai gida huɗu, ka sa uba AS a sama, uwa AS a gefe. Za ka samu AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ka kula da ma'anarsa: kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu na zama SS, ko da ɗan fari ya zo da cutar. Ciki ba ya tuna wanda ya gabace shi. Sannan ka gwada AS da AA, ka ga cewa SS ba ya fitowa. Wannan lissafi ne ke ƙarƙashin dokar gwajin lafiya kafin aure da Jihar Kano ta kafa a 2024. In ka kasa wata tambaya, kwana da ita, ka sake gwadawa da safe, sannan ka duba amsa.

Mataki na 4: Koyi gwada ƙidaya

Abin da aka ƙirga a gona ba ya zuwa daidai da na takarda. Mendel ya ƙirga ƙwayoyin waken Turai 5,474 masu sumul da 1,850 masu yamutsewa. Jimla 7,324, kuma in ka raba su 3 da 1 za ka sa ran 5,493 da 1,831. Bambancin 19 ne a kowane ɓangare. Ninka 19 da kansa, ka raba da abin da aka sa rai a kowane ɓangare, ka haɗa, za ka samu kusan 0.26. Teburin bayan littafin ya nuna cewa ga rukuni biyu, abin da bai kai 3.84 ba ana ɗaukarsa a matsayin dace kawai. Ka iya wannan da hannu kafin ka miƙa wa kwamfuta.

Mataki na 5: Kai kowane babi wurin aiki

A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta yi wa Arewa mummunar ɓarna, noman gyaɗa ya durƙushe, kamfanonin mai suka ji a jikinsu. Masu bincike sun gano cewa a wasu nau'o'in gyaɗa, jure wa cutar yana rataye ne a kan ƙwayoyin gado biyu masu ɓuya. Duba babin halaye biyu: in an haɗa mai jurewa da marar jurewa, a zuriya ta biyu tsiro ɗaya cikin 16 ne kawai zai jure. Wannan ya nuna maka dalilin da mai kyautata iri ke shuka ɗaruruwan tsirrai. Daga irin wannan aiki Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar da nau'o'in SAMNUT.

Yawan mai a gyaɗa da ingancin fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ba sa bin 3 da 1. Ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa da ƙasa da ruwa da kiwo. Babin halayen da ake aunawa zai koya maka raba kason gado da kason muhalli. In kana ɗakin gwaje-gwajen kamfani, tambayi daga ina kowane lodi ya zo, wane iri ne, ka rubuta.

Mataki na 6: Ga mai bincike

Ɗauki ka'ida da tsarin gwaji daga littafi, sabon sakamako kuma daga mujallun bincike. Kafin ka rubuta shawarar aikinka, sake karanta babin da ya shafe shi, ka tabbatar yawan tsirrai ko dabbobinka zai isa. Sannan ka je wurin masu aikin: ofisoshin IITA da ICRISAT a Kano, da Cibiyar Noman Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da NAPRI a Shika in dabbobi kake yi. Waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake, wanda aka fitar a 2019, misali ne da za ka iya bi daga babin DNA har gona.

Ware awa ɗaya kullum, ka warware tambayoyi biyar, ka kuma bayyana ɗaya ga abokin karatunka da bakinka. In ya gane, ka iya. In bai gane ba, koma babin.