Golf ɗin Faifai: Yadda Za Ku Tsara Filinsa a Harabar Makaranta

Golf da muka sani wasan masu hannu da shuni ne: sanduna masu tsada, ga ciyawar da ake ba ruwa har da rani. Amma akwai wani nau'insa da bai buƙatar ko ɗaya. Faifan roba ake jifa da hannu, daga wurin farawa har a bugi abin da aka nufa, wanda jifansa ya fi ƙaranci shi ya ci. A Amurka, kafin a ƙera masa kwando, bishiyoyi da turakun fitila 'yan wasa suke nufa, musamman ɗalibai a harabar jami'o'i. A 1975 ne Ed Headrick ya kafa fili na farko na dindindin a Oak Grove da ke Kalifoniya, a 1976 aka kafa ƙungiyar 'yan wasan mai suna PDGA, kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi kuma ya biyo baya. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce sai an yi odar kwando daga waje. Ɗalibin makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kabo, ko na sakandare a Gwarzo da Getso, ko wanda ya bi titin Gwarzo ya tafi sabon mazaunin Jami'ar Bayero, abin da yake buƙata yana gabansa: fili da darbejiya.

Ku fara da neman izini. Ku je wurin malamin wasanni, sannan ku gaida baba mai gadi ku yi masa bayani, don shi zai gan ku kuna kewaye bayan azuzuwa da yamma.

Faifan gasa ba ya wuce giram 200, faɗinsa kuma ya ɗan haura santimita 21. Iri uku ne: na jifan nesa mai siririn baki, na tsaka-tsaki, da na kusa mai kaurin baki. Sabon shiga kan ruga ya sayi na nesa, kuma nan yake yin asara, domin hannun da bai ƙware ba ba ya iya ba shi gudun da yake so, sai ya karkace ya faɗi. Ɗauki na kusa ko na tsaka-tsaki guda ɗaya, ya ishe ka. In babu, faifan wasan yara na roba zai yi, har murfin bokitin fenti ana iya koyon hannu da shi.

Tsara fili shi ne babban aikin, kuma a nan nake so ku ɓata lokaci. Ku zaɓi bishiyoyi 9, kowace da wurin farawarta, tazarar taku 50 zuwa 80. A jikin kowace bishiya ku ɗaura jan ƙyalle biyu, ɗaya daidai gwiwa, ɗaya daidai kafaɗa. Faifan da ya bugi tsakaninsu ya shiga. Kada ku buga ƙusa, kada ku sassaƙe ɓawo. Kafin ku amince da kowane layi, mutum ɗaya ya tsaya a wurin farawa ya duba: akwai hanyar da mutane suke bi zuwa famfo? Akwai taga, ko inda ake ajiye babura, ko tabarmar masallaci? In akwai, a sauya layin, komai kyansa. Layi biyu kada su gitta juna. Kuma kada ku sa duka a sarari tas; daɗin wasan yana inda tsamiya ta tare hanya, sai ka yi dabarar zagaye ta. Gonar malamai, rufin aji da bayan katanga ku ɗauke su a matsayin waje: faifan da ya faɗa can, an ƙara wa mai shi jifa ɗaya. Ku ba kowace bishiya ma'aunin jifa 3, duka zagayen ya zama 27.

Wajen jifa, babban yatsa a sama, sauran huɗun a naɗe ƙarƙashin baki. Ka juya kafaɗarka ta dama ga bishiyar, ka ja faifan ta gaban ƙirjinka a miƙe, ka sake shi a kwance. Kuskuren kowa shi ne ɗaga bakinsa sama, sai ya tashi kamar shirwa ya dawo kusa da ƙafarka. Ka sani kuma, in da hannun dama ka yi wannan jifan, faifan zai karkata hagu idan gudunsa ya ƙare, don haka ka nufi ɗan daman bishiyar. Bahago sai ya juya lissafin. Inda ya faɗi, nan za ka tsaya ka sake jifa. In ka zo cikin mita 10 da bishiyar, doka ta hana ka afka gaba da jikinka bayan ka saki.

Iska ita ce alƙalin wasan a yankinmu. Da hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas. In tana bugun fuskarka za ta ɗaga faifan, sai ka yi jifa ƙasa-ƙasa. In tana bayanka za ta danne shi, sai ka ɗan ɗaga. Lokaci mafi kyau shi ne daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, bayan la'asar. Da damina ciyawa tana haɗiye faifai, kuma ba a cusa hannu cikinta sai an fara bugawa da sanda, saboda maciji. Ku sa takalmi rufaffe, tsidau da ƙarangiya ba sa ragowa ga mai silifa. Faifai ja ko ruwan lemo ya fi saurin ganuwa a ƙasarmu. Mai ruwan ƙasa kuwa sai ku yi magariba kuna nema.

Wanda faifansa ya fi nisa da bishiya shi ke fara jifa, sauran duk su tsaya bayansa. In faifai ya kuɓuce ya nufi mutum, a ɗaga murya a ce "Hattara!" Yara za su taru, wannan babu makawa. Kada ku kore su, ku jera su a bayanku, in kun gama ku ba su su gwada. Kowane rukuni kada ya wuce mutum huɗu ko biyar, kuma tun da ba wasan ture-ture ba ne, a ware wa ɗalibai mata ranarsu.

Malaman wasanni na Gwarzo da Kabo, faifai biyu da yadi ɗaya na jan ƙyalle sun isa a fara. Don Allah a ba yaran nan fili a zangon karatu mai zuwa.