Birkin da sai an buga sau biyu ba lafiyayye ba ne

Ni bakanike ne a nan Zangon Daura, kuma yawancin aikina a kan tsofaffin Fijo 504 akori-kura ne, waɗanda ke jigilar gero da wake da awaki tsakanin Zango, Baure, Daura da kasuwar Mai'adua. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975, ya daina yin 504 tun 2006. Ke nan autarsu ma ta manyanta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake kashe kuɗi wajen ƙara wa motar ƙarfin ɗaukar kaya, a bar birki yadda kamfani ya yi shi.

Mai mota zai ƙara sifirin a baya, mai walda ya ɗaga masa bodi, a sa manyan tayoyi, wani har injin ya canza. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana shafar birki. Idan nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha kafin mota ta tsaya ya ninka. Idan gudu ne ya ninka, zafin ya zama ninki huɗu. Babbar taya kuma tana rage ƙarfin kamun birki. Akwai wani bawul kusa da akisil na baya, wanda ke auna yadda bodi ya zauna, ya ƙara wa tayoyin baya birki in an yi lodi. Da an ƙara sifirin, bodi ba ya zama kamar da, sai bawul ɗin ya ci gaba da aiki tamkar motar fanko ce alhali tana ɗauke da buhuna. Dole a sake saita shi. Wanda ya sa injin dizal kuwa, ya tabbatar akwai famfon da ke ja wa sabo (na'urar da ke sauƙaƙa taka birki) iska, in ba haka ba feda zai yi tauri kamar dutse.

Idan direba ya ce min, "Oga, ai halinta ne, sai ka buga biyu take kamawa," nakan ce masa ciwo ne, kuma fedan da kansa zai faɗi inda yake. Wanda ya yi laushi yana lotsawa, iska ce ta shiga layi. Wanda ke tafiya ƙasa sosai amma ya kama daram a bugu na biyu, takalman birkin baya ne suka cinye ko suke son saiti. Wanda kuma ka danne ka riƙe yana sulalewa a hankali, robobin masta (famfon da ke tura man birki) ne suka mutu, ko mai na yoyo a wani wuri. Cire iska na farkon kaɗai yake magancewa.

Aikin cire iska na mutum biyu ne. A goge bakin tankin masta, a cika shi da sabon mai. A bar tayoyin baya a ƙasa, ko a tokare akisil ɗin, domin in yana reto bawul ɗin nan zai tare man. A fara da tayar da ta fi nisa da masta: baya dama, baya hagu, gaba dama, sannan gaba hagu. A sa siririn tiyo mai nuna ciki a kan ƙusar cire iska, ɗaya bakin a tsoma shi cikin kwalba mai ɗan man birki. Na ciki ya buga sau uku ya riƙe, na ƙasa ya kwance ƙusar kaɗan, mai ya fita, ya ɗaure, sannan ya ce "saki". In aka saki feda kafin a ɗaure, iska ta koma. A maimaita har mai ya fito garau babu kumfa, ana leƙa tanki kada ya ƙafe. A tsohuwar masta, a sa ɗan katako a ƙarƙashin feda, don kada fistin ya kai inda tsatsa ta ci ya yaga roba.

Shi man birki yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuwa 230. Da sun sha ruwa, na farko ya sauko 140, na biyu 155. Ga lodi, ga zafin bazara, ga direba na ta taka birki saboda ramuka: man ya tafasa, ya zama tururi, feda ya tafi ƙasa babu kamu. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma ba a sayen wanda aka buɗe aka ajiye. DOT 5 jinsinsa daban ne, ba a haɗa shi da waɗannan.

Abubuwa uku nake roƙon a daina, domin duk sun zo garejina. Zuba ruwan omo a tanki yana cinye fayif da tsatsa. Zuba baƙin mai ko man giya yana kumbura duk robobin layin, sai an canza su kaf. Toshe fayif ɗin tayar da ke yoyo da ƙusa kuwa yana mayar da mota mai birki uku, wadda za ta fizge gefe guda ranar da akuya ko ɗan makaranta ya gitta.

Kowace safiya kafin lodi, direba ya duba man tanki, ya danne feda na rabin minti, ya leƙa cikin tayoyi ko akwai jiƙa, ya gwada birkin hannu. Bayan damina a buɗe gangunan baya a fitar da yashi da laka, a duba tiyo ko ya tsattsage. Maigida mai mota, in direbanka ya ce birki na son gyara, kada ka ce a bari sai bayan kasuwa, domin ranar kasuwar ce motar ta fi nauyi, titi ya fi cika. Allah Ya tsare mu da fasinjojinmu, amin.